Hasiya da Kanyar Maƙwabciya

A Ringim ba a kiran Hasiya da sunanta. Inna ake cewa, har waɗanda suka girme ta. Unguwarzoma ce, ta gaji aikin daga kakarta ta wajen uwa, ta kuma yi shekaru tana taimaka wa ma'aikatan ɗakin haihuwa a asibitin garin, don haka ta san inda iyawarta ta tsaya, ta san lokacin da za ta ce a nemo mota. Mijinta Malam Munzali malamin dabbobi ne. Ya rasu autarsu Mubina tana firamare, Hasiya ta ci gaba da riƙon yaran ita kaɗai, ba ta sake aure ba. Shaidar da ake yi mata a gari ɗaya ce: idan ta shiga ɗakin mai jego, ba a rufe adaka. Ko tsinken sakace ba ta ɗauka sai ta tambaya.

A cikin itatuwan da take aiki da su babu wanda ta riƙe kamar kanya. Akwai wata a gonar mijinta ta bayan gari, baƙa ƙirin a jiki, korra shar a sama, ko da rani ya ƙone komai ita ganyenta na nan. Nunannun 'ya'yanta na yara ne da birai. Ɗanyun kuwa Hasiya kan daka su ta tace wa mai gudawa. Ganyen ta tafasa wa mai zazzaɓi, ko ta wanke gyambo da ruwansa. Ƙananan rassan ta yanka asuwaki, ta ce babu abin da ke ɗaure dasashi kamarsu. Sassaƙen kuma na ciwon ciki ne da basir. Hatta ƙyauren ɗakinta da itacen kanya aka yi shi, don gara ba ta cinsa.

Kakarta ta koya mata ƙa'idar sassaƙe tun tana budurwa. A ɗiba ta gabas, a ɗiba ta yamma, kada a taɓa bari biyun su haɗu. A shafe ciwon da taɓo. Idan itacen a gonar wani yake, a je a yi masa sallama tukuna, ko da an san ba zai hana ba. Hasiya ta koya wa mata da dama wannan ƙa'ida, har takan yi faɗa idan ta ga an zagaye itace da gatari.

Mubina ta yi karatun haɗa magunguna, ta auri Kamal, injiniya ɗan Kano, suka tare a garin Lanham, a Amurka. Da cikinta na fari ya tsufa sai suka yi wa Hasiya takardu ta zo. Ta sauka ana tsananin zafi, ba a yi wata ba aka haifi Afnan. Kwanakin jego sun yi mata daɗi, don aikinta ne: wanka, kunun kanwa, gashin cibiya gwargwadon abin da Mubina ta yarda da shi. Da hutu ya ƙare kuwa, Mubina ta koma kantin maganin da take aiki a Largo, Kamal yana fita tun asuba ya kama jirgin ƙasa, gidan ya zama daga Hasiya sai jaririya sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Babu mai sallama. Babu mai aiko yaro a guje cewa naƙuda ta tashi. Matar da ba ta taɓa wuni ba a neme ta ba, sai ga ta tana ƙirga motocin da ke wucewa ta taga.

Da kaka ta shigo, iska ta yi sanyi, sai ta fara goya Afnan tana zagawa bayan gida. Gidajen layin ba su da katanga ta baya, ciyawar kowa ta gangara ta haɗu da wani ɗan kurmi mai rafi. A can ƙarshen filin maƙwabciyarsu ta hannun dama ta taka wani abu mai laushi. Ta duba ƙasa ta ga 'ya'yan itace ruwan goro sun zube, ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ga 'yar hular nan mai kunnuwa a gindinsa. Ta ɓare ta ga ƙwallaye masu faɗi, masu santsi. Ta ɗaga kai ta ga jikin itacen baƙi, a tsattsage kamar bayan kada. Ta tsinki wanda bai nuna ba ta gatsa, bauri ya ɗaure mata baki har maƙogwaro. Nan take idonta ya kawo ruwa. 'Ya'yan sun fi na gida girma, ganyen ya fi faɗi, amma wannan baurin ba ta da shakka a kansa.

Da daddare ta nuna wa Mubina, ita kuma ta duba a waya ta ce fasimon ake ce masa, kuma gaskiya ne dangi ɗaya suke da kanya. Ta ƙara da cewa itacen na Misis Olive ne, tsohuwar nan baƙar fata da ta yi ritaya daga gidan waya, mai zama ita kaɗai tun rasuwar mijinta. Hasiya ta ce to, kanya ta nuna biri ya karye, ga abu a ƙasa yana ruɓewa ita kuma ba ta da bakin roƙo.

Ba ta ma roƙa ba. Bayan kwana kaɗan tana tsaye daga nesa tana kallon itacen, sai ga Olive ta taso daga wani benci da ke ƙarƙashinsa, doguwa mai furfura, tana ɗan ɗingishi. Ta yi wa Afnan wasa, ta yi magana mai tsawo da Hasiya ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba, sannan ta shiga gida ta fito da kwano ta cika shi da nunannu ta miƙa mata. Ta nuna ƙasa, ta nuna Hasiya, ta buɗe hannuwa: duk abin da ya faɗo ki ɗauka. Hasiya ta rusuna ta yi godiya da Hausa. Washegari ta mayar da kwanon cike da dambun nama.

A masallacin Juma'a ta haɗu da Bariatu, 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, wadda Hausarta ta zango ta fara ba Hasiya dariya kafin ta saba. Bariatu ta yi ƙorafin dasashinta na jini. Juma'ar da ta biyo Hasiya ta kawo mata asuwaki daga wani reshe da iska ta karyo. Wannan halal ne, ya faɗo ƙasa. Bariatu ta dawo tana yabo, tana kiranta Mma Hasiya a gaban mata, ta ce ashe likita ce a cikinsu ba su sani ba. Sai wata ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce ita basir ke damunta tun haihuwarta ta biyu, kuma tana jin nauyin nuna wa likitan nan jikinta.

Hasiya ta kwana biyu tana saƙa da warwara. Ta so ta ce wa Mubina ta raka ta wajen Olive su nemi izinin ɗibar sassaƙe, amma ta san abin da za ta ji: Inna, a ƙasar nan ba a ba mutum magani haka kawai. Ta san kuma da ta faɗa, maganar ta mutu ke nan. Ta ce a ranta ɓawo ne ɗan kamar tafin hannu, itace ba ya mutuwa don tafin hannu, matar da ta ba ta kwano guda ba za ta hana ta ɓawo ba. Ta riga ta lura Olive na fita coci ranar Lahadi da safe, da kuma Laraba. Ran wata Laraba da motar ta fita, ta ɗauki ƙaramin gatarin da Kamal ke sara ƙashin layya, ta goya Afnan, ta gangara. Wata ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe gindin itacen har gwiwa. Ta yaye ta, ta sara ta gabas, ta shafe da taɓon rafi, ta mayar da yaɗon ya rufe. Tana dawowa ta yi ta istigfari har ta shiga gida.

Ta shanya sassaƙen a ɗakin ƙasa, bayan tukunyar ɗumama gida inda ba mai leƙawa. Matar ta sha ta ce ta ji sauƙi. Ko sassaƙen ne, ko barin yaji da Hasiya ta sa ta yi, Allah ne masani. Labari dai ya bazu. Wayar da Mubina ta saya mata, wadda da ba ta ƙara sai in an kira daga Ringim, ta fara ƙara da rana. Daga Largo, daga Annandale, har wata 'yar Maraɗi da ba ta taɓa gani ba. Ba ta karɓar komai a hannun kowa. Abin da take samu ya fi mata wannan: idan ta shiga sashen mata a masallaci ana matsa mata wuri, ana karɓar jakarta, ana cewa Inna ta iso.

Ta ɗiba ta yamma. Ta koma ta faɗaɗa ta gabas. Da sanyi ya kankama sai ta wayi gari ta ga ganyen itacen ya zube kaf, ya tsaya tsirara. Ta tsorata, don ita a saninta kanya ba ta zubar da ganye haka sai in ta mutu. Ta tambayi Mubina a fakaice, Mubina ta yi dariya ta nuna mata sauran itatuwan layin, ta ce duk barci suke yi, za su farka. Wannan magana ta kwantar mata da hankali fiye da yadda ya kamata. Ta ce ashe kanyar Turawa tana da rai bakwai. Duk lokacin da ƙanƙara ta narke aka samu rana, takan gangara. Tsakanin saran gabas da na yamma akwai gada biyu na ɓawo, ta kudu da ta arewa, ta san su ne ran itacen. Ta kudu ta cinye ta a hankali. Ta arewa ta rage kamar faɗin yatsa uku, ta rantse ba za ta taɓa ta ba. Sai Bariatu ta kira tana kuka, ƙanwarta ba lafiya, gudawa ta ƙi tsayawa. Hasiya ta je da niyyar ta ɗan kankaro gefe, gatarin ya zame a kan jiƙaƙƙen ɓawo, gadar ta ɓalle ta faɗo a hannunta.

Ta tsaya riƙe da ita. Ta mayar ta manna, ta ɗaure da tsumma, ta lafta taɓo, tana sane sarai aikin banza take yi. Daga ranar ba ta sake komawa ba. Masu kira ta ce musu magani ya ƙare.

Da ɗumi ya dawo itacen ya fitar da ganye, Hasiya ta yi sujadar godiya a kan dardumarta. Amma ganyen ƙanana ne, ba su da duhu, kuma da zafi ya tsananta sai suka fara naɗewa suna bushewa a kan reshe. Ta taga take kallon Olive na jan tiyo tana ba shi ruwa safe da yamma, tana zuba taki, tana tsayawa hannu a ƙugu tana duban sama. Ran nan wata mota mai tsani ta zo, wani mutum ya zagaya itacen, ya durƙusa ya yaye yaɗon. Ya kira Olive. Hasiya ta ga tsohuwar ta dafa benci ta zauna a hankali.

Da yamma Olive ta ƙwanƙwasa musu ƙofa. Gida-gida take bi tana tambaya ko wani ya ga masu shiga ta kurmi. Mubina ta fassara wa uwarta: mai duba itatuwan ya ce ba barewa ba ce, ƙarfe aka sa, kuma ba rana ɗaya aka yi ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne taɓon da tsumman, kamar wanda ya sara ya dawo yana jinya. Olive ta dubi Hasiya ta ce ta san tana son wurin, ko ta taɓa ganin wani? Hasiya na riƙe da Afnan, ta sunkuyar da kai tana gyara mata riga, ta girgiza kai ta ce ba ta ga kowa ba, Mubina ta fassara. Olive ta dafa kafaɗarta ta ce ta yi haƙuri, bana babu 'ya'yan da za ta ba ta.

Tun daga ranar abinci ya daina yi mata ɗanɗano. Ta bar zagawa baya. Ko labulen tagar ɗakinta ba ta ɗagawa. Mubina ta ɗauka kewar gida ce.

Asirin ya tonu a wajen wani suna a Annandale. Falo cike da mata, ana rabon waina, sai Bariatu ta hango Mubina ta jawo hannunta tana sa mata albarka, ta ce Allah ya saka wa wadda ta kawo musu Mma Hasiya ƙasar nan. Ta ce rabin matan da ke ɗakin sun sha sassaƙen kanyar bayan gidanku, ki roƙe ta ta sake samo mana. Mata suka amsa da gaskiya ne. Mubina ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ta juya ta dubi uwarta. Hasiya ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Suka shiga mota, suka hau babbar hanya. Kamal na tuƙi, bai san abin da ya faru ba.

"Inna," in ji Mubina, ba ta waiwayo ba, "ranar da matar nan ta zo, a bakina kika sa ƙaryar. Ni na fassara mata."

Hasiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Da zagi ne da ya fi mata sauƙi. Abin da ya fi ƙona ta shi ne a gaban surukinta aka faɗa, mutumin da ko abinci ba ta ci a gabansa. Kamal ya ƙara ƙarar rediyo kaɗan, ya yi kamar bai ji ba, wannan karar tasa ta sake nutsar da ita.

Da suka isa gida Hasiya ta shige ɗaki, ta yi kwanaki ba ta fitowa sai in sun fita. Ta ce a sayo mata tikiti ta koma Ringim. Mubina kuwa tsoro ya haɗu mata da fushi: tana tunanin lasisinta na aiki in aka ji ana raba magani daga gidanta, tana tunanin takardun uwarta, har ta fara cewa ko a bar maganar ta mutu tunda Olive ba ta zargi kowa ba. Kamal ne ya ƙi. Ya ce ba zai iya ci gaba da ɗaga wa matar hannu kowace safiya ba alhali ya sani, shi zai je ya ce laifin gidansa ne, ba sai an ambaci Inna ba. Hasiya na jin su ta bayan ƙofa. Ta fito da mayafinta a kai, ba ta dubi Kamal ba, ta ce wa 'yarta hannun da ya sara shi zai je.

Olive ta karɓe su a falonta, ta kawo shayi mai ƙanƙara. Hasiya ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa kan kafet. Ta faɗi komai, tun daga asuwakin har gadar da ta ɓalle, ta ce ta san ƙa'ida, ita ke koya wa wasu, kuma ta zaɓi ranakun coci ne da gangan. Duk inda Mubina ta so ta sassauta fassara, Hasiya na ganewa daga gajartar maganar, sai ta ce ta faɗa duka.

Olive ta ajiye kofin shayinta. Da ta buɗe baki, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce mijinta Raymond makanike ne a ma'aikatar jiragen ƙasa. Shekarar da suka sayi gidan ya je gonar iyayensa a jihar Karolina ya tono ɗan tsiron a bokiti, don uwarsa da 'ya'yan uwar itacen take yi musu alkaki kowace kaka. Sun yi shekaru suna jira kafin ya fara haihuwa. Ba su samu ɗa ba. Sai ta faɗi wata magana, Mubina ta ƙi fassarawa.

"Me ta ce?" in ji Hasiya.

"Inna, bari sai mun je gida."

"A nan ta faɗa, a nan zan ji."

Mubina ta daure ta fassara. Ta ce Raymond ya bar wasiyya a ƙone gawarsa kamar yadda wasunsu ke yi, a binne tokar a gindin itacen. Nan Olive ta binne shi da hannunta. Bencin da take zama, wajen mijinta take zuwa.

Hasiya ta ji kanta ya yi dum. Ashe duk durƙuson da take yi da gatari, a kan kabarin mutum take yi, da jikarta a baya. Ta kifa goshinta a kan kafet tana kuka marar sauti, tana maimaita ki yafe mini. Mubina ta fassara. Olive ta dube ta, ita ma hawaye na bin fuskarta.

"Da kin tambaye ni," in ji ta, "da na ba ki reshe guda ki yi yadda kike so. Raymond ba ya hana kowa komai. Ba zan kira 'yan sanda ba. Amma yau ba ni da abin da kike roƙo. Ku tafi gida."

Saura matan. Mubina ta ce ba dole ba ne su sani, Hasiya ta ce cikinsu ya shiga, haƙƙinsu ne. Ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta yi salati ta kashe wayar. Wata ta ce ba komai, Allah ya yafe mana, amma daga muryar an san da komai. Bariatu ta yi kwana biyu tana kakarin amai, sannan ta je ta tambayi liman. Ya ce babu laifi a kan wanda ya sha bai sani ba, itace kuma tsarkakakke ne ko a ina ya tsiro, abin da ke buƙatar tuba shi ne ɗaukar kayan maƙwabci ba izini. Amsar ta kwantar da hankalin matan, ta kuma bar Hasiya ita kaɗai da kayanta. Ba wanda ya ci mata fuska a masallaci. Ana gaishe ta, ana tambayar Afnan. Ita ce dai ta koma zama a sahun ƙarshe kusa da takalma, tana sallamewa ta fita ta jira Mubina a bakin mota.

Kafin sanyi ya dawo aka zo sare itacen, don kada ya faɗo kan rufin wani. Kamal ya nemi ya ɗauki nauyin aikin, Olive ta ƙi. Hasiya ta tilasta wa kanta tsayawa a taga tun daga reshen farko har gangar jikin ta kwanta. Da aka yanka ta ga tsakiyar baƙa wuluk, siririya, kamar ta kanyar gida. Olive ta sa an bar kututturen da bencin. Duk tsawon sanyin, in sun haɗu a bakin akwatin wasiƙa, takan gyaɗa wa Mubina kai. Hasiya kuwa in ta hango ta sai ta koma ciki. Ta taɓa dafa farfesu ta ba Kamal ya kai, aka karɓa, aka dawo da kwanon a wanke, babu komai a ciki, babu saƙo.

Da ciyawa ta sake tsirowa, ran wata Asabar Kamal na yankan ta bayan gida sai ya kashe injin ya tsaya yana duban ƙasa. Wasu tsirrai ne jajaye-jajaye suka huda ciyawar, a warwatse, daga kututturen har cikin filinsu. Saiwar ba ta mutu ba. Ya je ya kira Olive. Ta zo da sandarta ta bi su ɗaya-ɗaya tana dubawa, ta ce mai duba itatuwa ya gaya mata hakan na iya faruwa, ba ta dai sa rai ba. Mutumin ya kuma ce a zaɓi ɗaya a cire sauran. Sai ta ɗaga kai ta dubi tagar sama, ta ce wa Kamal ya kira surukarsa, ita ta fi su sanin wanda zai rayu.

Hasiya ta sauko kamar mai zuwa gaban alƙali. Ta durƙusa ta taɓa su, ta bar dogayen, ta nuna wani gajere mai kauri da ya fito ɗan nesa da kututturen, inda ruɓewa ba za ta kai shi ba. Olive ta miƙa mata turke, ta riƙe, Kamal ya buga, Olive ta ɗaure da ƙyalle. Ta ce kafin wannan ya yi 'ya'ya ita ta kusa tamanin da biyar, in tana nan. Kamal ya fassara. Hasiya ta ce Allah ya kai mu, idonta a ƙasa. Olive ta juya ta koma gida.

Hasiya ta zauna har aka yaye Afnan aka sa ta makarantar reno, sannan ta ce zamanta ya ƙare. Ranar tafiya ta tsaya a ƙofar Olive ta yi sallama, tsohuwar ta fito ta riƙe hannunta da hannu biyu, ta ce ta sauka lafiya. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Yanzu tana Ringim. Ƙafa ta yi nauyi, ba ta karɓar haihuwa sai dai a zo a tambaye ta shawara. In an ce yaya Amurka, takan ce akwai sanyi, mutanensu kuma suna da haƙuri. Babu wanda ta ba labarin sai babbar 'yarta. Mubina na kiranta duk Lahadi, su yi hirar Afnan da surutunta na Turanci, wani lokaci ta ce tsiron ya wuce kafaɗar Kamal, ko ta ce an yi wa Olive aikin gwiwa, su ke kai ta asibiti. Can wajen ƙarshe Hasiya kan yi ƙasa da murya ta tambaya ko matar nan ta ce wani abu. Mubina ba ta yi mata ƙarya. Takan ce tana dai tambayar lafiyarki, Inna. Hasiya ta ce to madalla, a gaishe ta, a kuma riƙa leƙa ta in an kwana biyu ba a ga motarta ta fita ba.